Gwajin da ya faɗi sau ɗaya bai yi ƙarya ba

Wata ɗabi'a ta zauna daram a wurin masu gina manhajojin intanet da Ruby on Rails, kuma ni a ganina ɓarna ce. Gwaji ya faɗi, allo ya yi ja, sai wani ya ce: "Ai halinsa ne, sake kunna shi." A sake, ya yi kore, a tura aiki, kowa ya kama gabansa. Har kayan aiki aka ƙera wa ɗabi'ar: rspec-retry ba abin da yake yi sai maimaita gwajin da ya faɗi, ko Allah zai sa ya wuce. Masu kare ta suna cewa lokaci na da tsada, kuma ko Google ta bayyana a 2016 cewa kusan kashi 16 cikin ɗari na gwaje-gwajenta suna da wannan lalura. Haka ne, ta faɗa. Amma ta faɗa ne a matsayin matsalar da take yaƙi da ita.

Kwamfuta ba ta tashi da ɓacin rai. In gwaji ya wuce da safe ya faɗi da dare, wani abu ne ya canza tsakanin safiya da dare, kuma sau da yawa abin yana cikin manhajar da jama'a za su yi amfani da ita. Mai sake kunnawa kamar maigida ne da maigadinsa ya yi ihun ɓarawo, shi kuwa ya ce masa ya sake dubawa har sai ya ce babu kowa.

Ɗauki lokaci. A Rails, Date.today yana bin agogon na'urar da manhaja take kai, Date.current kuma yana bin yankin lokacin da aka saita wa manhajar. Sabobi da yawa suna kan UTC, Najeriya da Nijar kuwa suna gaba da shi da awa ɗaya. Daga sha biyun dare zuwa ɗaya, manhaja ta shiga yau, saba tana jiya. Wanda ya cuɗa waɗannan biyun, gwajinsa zai wuce awa 23 a kowace rana, ya faɗi a awa ɗaya tak. A wannan awar ce rasit ɗin wani ɗan kasuwa zai fito da kwanan watan jiya, ko a yanke wa wani rajista kafin wa'adinta ya cika. Gwajin ya ga wannan, ya yi magana, aka toshe masa baki. Alhali da travel_to za ka kafe agogo a sha biyu da rabi na dare, ka kama laifin cikin minti kaɗan.

Haka zancen jeri. RSpec, kayan aikin gwaji, na iya hautsina tsarin gudanar da gwaje-gwaje, ya buga lambar da ya yi hautsinin da ita a ƙarshe. Mutum nawa ne ke kallon lambar nan? Ka mayar masa da ita ta --seed, faɗuwar za ta dawo yadda ta zo. Ka ƙara --bisect, wanda ya shigo tun RSpec 3.3 a 2015, ya yi ta raba gwaje-gwajen biyu biyu har ya nuna maka wanda ya bar datti a baya ya kayar da maƙwabcinsa. Rumbun bayanai na PostgreSQL ma bai taɓa yi wa kowa alkawarin jeri ba in ba a ce masa order ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne sleep. Capybara, mai tuƙa burauza a gwaji, da kansa yana jiran abu ya bayyana a shafi, daƙiƙa 2 in ba a canza ba, muddin ka yi amfani da have_css ko have_content. Mai zuba sleep 5 bai gano abin da yake jira ba, ya dai sayi shiru, kuma kowa a ofishin zai riƙa biyan daƙiƙa biyar ɗin nan kullum.

Na yarda gwajin da ke tuƙa burauza yana da nauyi da rauni. David Heinemeier Hansson, wanda ya ƙirƙiro Rails, ya rubuta a 2024 cewa irin waɗannan gwaje-gwaje sun gaza, ya rage dogaro da su. Wannan matsayi ne na mai gaskiya: abin da ba ka amince da shi ba, ka cire shi kowa ya sani. Martin Fowler kuma tun 2011 ya ba da shawarar a killace gwaji mai rawa a gefe, tare da iyaka kan yawan waɗanda za a killace ko tsawon zamansu, don kada wurin ya zama juji.

To a zaɓi ɗaya. Gwajin da ya faɗi ba dalili bayyananne, a ajiye lambar hautsininsa da sa'ar da ya faɗi, a ɗora wa mutum ɗaya da sunansa, a ba shi mako guda. In bai gyaru ba a goge shi, a rubuta wa shugaban aiki cewa wannan ɓangare na manhaja yanzu ba mai tsaronsa.