Tsayuwa Ta Fi Tsalle Ga Mai Tsaron Gida

A wasan hoki na kan ƙanƙara, wanda mutanen Kanada da Rasha suka shahara a kansa, 'yan kallo sun fi yi wa mai tsaron gida tafi idan ya yi tsalle ya tare. Wannan kuskure ne. Sau da yawa tsallen alama ce ta cewa tun farko bai tsaya inda ya kamata ba.

Faɗin ragar ƙafa 6 ne, tsayinta ƙafa 4, faifan robar da ake bugawa kuwa yakan yi gudun mil 100 a sa'a. Saboda haka gwani yakan ɗan fito gaba, ya sa ƙirjinsa tsakanin faifan da tsakiyar raga, don mai bugu ya rasa kafa. Idan wasa ya koma bayan raga, sai ya manne wa ƙarfen gefe, yana waiwaye, yana kuma lura da wanda ke jira a gabansa.

Sakaci kaɗan yakan rushe wannan duka. A wasannin Olamfik na 1980 a Lake Placid, Vladislav Tretiak na Tarayyar Sobiyet ya tare wani bugu daga nesa, amma ya bar faifan ya koma gaba. Mark Johnson na Amurka ya jefa shi raga, saura daƙiƙa 1 a tafi hutun farko. Aka cire Tretiak, Amurka ta ci 4 da 3.

Ya kamata masu koyarwa su auna mai tsaron gida da tsayuwarsa da natsuwarsa, domin rigakafi ya fi magani.