ƘADDARA BA TA ƊAUKE LAMUNI: DARASI DAGA GWAJIN MAGANI A KANO

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalan gidansa da sahabbansa. Bayan haka:

Akwai wata kalma da ta zama mafakar masu sakaci a ƙasar nan, ita ce "ƙaddara ce." Direba ya sheƙo da gudun wuce sa'a ya banke yaro, a ce ƙaddara ce. Magini ya rage siminti bene ya rufta kan 'yan haya, a ce ƙaddara ce. Mai kemis ya ɗirka wa jariri allurar da bai san kanta ba, nan ma ƙaddara ce. In kuwa iyayen mamaci suka buɗe baki za su nemi haƙƙinsu, sai manyan unguwa su taru a kansu, a ce imaninsu ya yi rauni. To, alal haƙiƙa wannan fahimta ba daga Musulunci ta fito ba, kuma azzalumai ne kawai ke cin ribarta.

Misali mafi ciwo shi ne abin da ya auku a Kano a 1996, zamanin mulkin soja. A wannan shekara annobar sanƙarau ta kashe mutane fiye da 10,000 a ƙasar nan, mafi yawansu a Arewa. Ana cikin wannan hali kamfanin magunguna na Amurka, Pfizer, ya turo likitocinsa Asibitin Zana, suka ɗauki yara wajen 200 don gwada sabon maganinsu mai suna Trovan. Aka ba rabin yaran Trovan, sauran kuma aka ba su wani sanannen magani, amma ƙasa da ma'aunin da aka saba bayarwa. Yara 11 suka rasu, 5 cikin waɗanda suka sha Trovan, 6 cikin ɗaya rukunin. Wasu suka tashi da kurumta, wasu da shanyewar jiki.

Iyaye sun ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Kamfanin ya ce an yi musu bayani da Hausa sun amince da baki, kuma cutar ce ta yi kisan da nakasar. Sai dai daga baya ta bayyana cewa takardar izinin gwajin da aka nuna, bayan an gama gwajin aka rubuta ta, aka maƙala mata tsohon kwanan wata. Kwamitin ƙwararru na Gwamnatin Tarayya ya yanke a 2001 cewa gwajin ya saɓa doka, amma rahoton bai fito fili ba sai a 2006, shi ma ta hannun jaridar Washington Post, wadda ta fara tona asirin al'amarin a ƙarshen shekarar 2000.

A 2001 wasu iyaye suka shigar da ƙara a birnin New York. Aka yi ta korar ƙarar, sai a Janairun 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta can ta ce suna da damar a saurare su. Gwamnatin Kano kuma, wadda ta kai tata ƙarar a 2007, ta sasanta da kamfanin a 2009 a kan dala miliyan 75: 35 ga waɗanda abin ya shafa, 30 ga ayyukan lafiya, 10 kuɗin shari'a, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Sai a Agustan 2011, bayan gwajin tabbatar da dangantaka, iyalai 4 na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu. Shekara 15 ke nan talaka yana jiran haƙƙin ɗansa! Ɓarnar kuma ba ta tsaya nan ba, domin zargin da wannan abu ya shuka yana cikin dalilan da suka sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a Kano a 2003, cutar ta sake bazuwa, wasu yaran da ba su ji ba su gani ba suka gurgunce.

Akwai wata sananniyar ƙa'ida a doka, cewa duk wanda aikinsa zai iya taɓa wani, wajibi ne a kansa ya kula. A dokar da Turawan Ingila suka bar wa ƙasar nan, ana danganta ƙa'idar da shari'ar wata mata mai suna Donoghue, wadda a 1928 ta sha lemon citta a garin Paisley na Skotland, aka ce an sami ruɓaɓɓen dodon-koɗi a cikin kwalbar. Ba ita ta saya ba, saboda haka babu ciniki tsakaninta da kowa. Duk da haka a 1932 babbar kotunsu ta ce tana iya ƙarar mai kamfanin, domin maƙwabcin mutum a doka shi ne duk wanda hankali zai hango cewa sakacinsa na iya cutarwa. Mai ƙara zai tabbatar da abu uku: akwai nauyin kulawa a kan wanda yake ƙara, ya yi sakaci da nauyin, sakacin ne kuma ya jawo cutar. Wannan daban yake da shari'ar laifi da 'yan sanda ke kaiwa, don ko an ɗaure mai laifi, ɗaurin ba ya biyan kuɗin asibiti.

Abin takaicin shi ne yadda Musulmi suka manta cewa addininsu ya daɗe da tanadar wannan ƙa'ida. Aya ta 92 cikin Suratun Nisa'i ta wajabta diyya da kaffara a kan kisan kuskure, alhali wanda ya yi bai yi nufi ba, kuma ajalin mamacin ne ya zo. Da ƙaddara tana ɗauke lamuni, da ba a saukar da wannan hukunci ba. Abu Dawuda ya ruwaito hadisin da ke ɗora lamuni a kan wanda ya shiga yin magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba. A Muwaɗɗa an kawo labarin taguwar Barra'u bin Azib da ta yi ɓarna a gonar wani, inda Manzon Allah (S) ya hukunta cewa tsaron gona da rana na masu gona ne, ɓarnar dabba da dare kuwa masu dabba za su biya. Ita ma Risala, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ta lamuntar da mahayin dabba da mai janta da mai korarta a kan abin da ta taka. Mawallafinta ya rasu fiye da shekara 900 kafin hukuncin 1932.

Wani zai ce ai yafiya ta fi. Gaskiya ne, kuma ladanta na da girma. Amma yafiya ta mai haƙƙi ce, shi zai yi ta da yardar zuciyarsa bayan an tabbatar masa da haƙƙin. Yafiyar da aka tatsa da kunya ko da tsoron mai kuɗi, ƙwace ce aka sa mata rawani. Balle kuma rabon maraya, wanda waliyyinsa ba shi da ikon kyautar da shi don neman suna.

Saura kuma 'yan'uwa matasa su juyo da madubin kansu, don ba ya yiwuwa mutum ya yi ta la'antar zaluncin kamfanonin ƙetare alhali shi ma yana wasa da rayukan bayin Allah. Mai jan A Daidaita Sahu da ya san birkinsa ya mutu ya fito da shi, mai walda da ya bar waya tsirara inda yara ke wucewa, mai haƙar masai da ya tafi ya bar rami a buɗe, malamin Islamiyya da ya bar ƙananan ɗalibai ba mai kallo, dukkansu amana ce a wuyansu. Wanda aka jarraba da kuskure ya tsaya, ya kai wanda ya ji rauni asibiti, ya biya abin da ya hau kansa. Guduwa daga hannun mutane ba ta kuɓutarwa ranar hisabi.

In kuma an cuci wani raunanne a unguwa, aikin 'yan'uwa ne su tsaya masa: a rubuta sunayen shaidu, a adana takardun asibiti da rasiɗai, a nemi lauya da wuri, domin doka ta yanka wa ƙara wa'adi, kuma wa'adin ƙarar jami'in gwamnati gajere ne ƙwarai. Bin haƙƙi ta wannan hanya ya fi ƙona mota da dukan direba, wanda shi ma zalunci ne da ba ya dawo da komai. Manzon Allah (S) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sannan ya yi tawakkali. Wanda ya saki nasa ya yi ɓarna, to ya biya, sannan ya nemi gafarar Ubangijinsa.

Allah Ya jiƙan yaran da suka rasu, Ya saka wa duk wanda aka zalunta, Ya sa a gane gaskiya a bi ta, amin.