Ciniki Ba Mudu Zalunci Ne

Ya ku malamai da almajirai, ku sani a shekarar 2013 gwamnatin Nijeriya ta fara miƙa wa 'yan kasuwa kamfanonin rarraba wutar lantarki guda 11, aka ce wuta za ta gyaru. Amma har yau gidaje da yawa ba su da mita, sai a yanka musu kuɗi da ka. To, ko mai hatsi ba ya sayarwa sai da mudu. Dokar 2023 ta ba jihohi ikon kafa hukumar kula da cinikin wuta. Lalle jihohinmu su kafa, su tilasta sa mita kowane gida. Mu kuma mu bar satar wuta, mu biya abin da muka sha. Haza wasalam.