A bar wanda ya zo na ƙarshe ya ba da labarinsa

Masu gudun dogon zango idan sun zauna hira, ba su cika maganar wanda ya zo na ɗaya ba. Hirarsu ta wanda ciki ya murɗa masa a tsakiyar hanya ce, da wanda ya ɓata hanya, da wanda ya iso bayan an kwashe kujeru. A ganina wannan rahar ce ke sa mutum ya jure kilomita 42 da ɗoriya, baɗi kuma ya sake ɗaura takalmi.

Ga Shizo Kanakuri, ɗan Japan. A gasar Olamfik ta 1912 a Stockholm, zafin rana ya galabaitar da shi a hanya, wasu mutanen gari suka shigar da shi gidansu suka ba shi abin sha. Bai koma wurin alƙalan gasa ba, ya sulale ya tafi ƙasarsu shiru. Sai a 1967 aka gayyato shi Suwidin ya ƙarasa. Dattijo mai shekara 75 ya tsallake layi, aka sanar da lokacinsa: shekara 54 da wata 8 da kwana 6. Shi da bakinsa ya ce tafiyar ta yi nisa, don a hanya har ya yi aure, ya haifi 'ya'ya shida, ya ga jikoki goma. Abin da ya zama masa abin kunya da ƙuruciya, da shi ake tuna shi yau ana murmushi.

Amma fa wasa ma yana da iyaka. A Olamfik ta 1904 a St. Louis ta Amurka, Fred Lorz ya gaji, ya hau mota ta rage masa wajen kilomita 17, sannan ya shigo fili da gudu ana ta tafi. Da asiri ya tonu, wai shi wasa yake. Aka dakatar da shi, kuma daidai ne, don wasan da zai cinye gumin wani sata ce.

Abin da ya sa nake wannan magana, mu malamai muna ganin yadda ranar guje-guje ke ƙarewa a makarantunmu. Yaron da ya zo na ƙarshe ihu ake masa, har da manya a bakin fili, a laƙa masa suna kunkuru ya bi shi har ya gama makaranta. Shi ke nan, shi da fili sun raba gari.

Roƙona ga 'yan'uwana malamai da iyaye: in an gama tsere, a tara yaran, a ba su labarin Kanakuri, sannan a bar na ƙarshen ya faɗi yadda ta kaya da bakinsa. Yaron da ya fara yi wa kansa dariya, abokansa tayawa za su yi, kuma zai dawo fili. Sannu dai ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe.