SHARHI: Mubi Na Bukatar Gadojin Masu Tafiya A Ƙasa Da Masu Keke

Garin Mubi na Jihar Adamawa ya daɗe da zama cibiyar ciniki a kan iyakar Nijeriya da Kamaru, kuma kasuwar shanunsa na cikin manyan kasuwannin dabbobi a arewa maso gabas. Sai dai kogin Yedzeram, wanda ke gangarowa daga duwatsun Mandara, da ƙoramun da ke zuba a cikinsa, kan raba manomi da kasuwa da zarar damina ta kankama. Abin da ke rairayi a watan Maris shi ne ambaliya a watan Agusta.

Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya yi tsada, jama'a da dama suka koma tafiya a ƙasa ko hawan keke. Ga ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da na Jami'ar Jihar Adamawa, ga mata masu tallar nono, ga masu tura baro da kurar ruwa. Duk da haka, idan ana tsara gada, babbar mota ake fara dubawa, mai ƙafa kuwa a bar shi ya raɓa gefe da ransa a hannu.

Babu shakka wasu za su ce kuɗi ba su da yawa, kuma gyaran manyan hanyoyi da gadojin da rikicin 2014 ya lalata shi ne kan gaba. Wannan gaskiya ne. Amma gadar ƙafa ba ta cin ko kusa da abin da gadar mota ke ci, domin nauyin da ake tsara mata bai wuce kimanin kilo 500 a kowane murabba'in mita ba. Ƙasar Nefal, da taimakon Suwizalan, ta gina dubban irin waɗannan gadoji a ƙauyukanta, Ruwanda ma ta bi sahu.

Sai dai aikin yana da ƙa'ida. Faɗin gadar ya kai mita 3 domin keke da baro su yi kiciɓis ba tare da turereniya ba. Hawanta kada ya wuce tashin mita 1 a cikin kowane mita 20, don tsoho da mai kaya su iya haurawa. Shingen gefe ya kai mita 1.4 saboda mai keke. Ginshiƙai kuwa a nutsa su ƙasa sosai, tunda zaizayar gindi ce ta fi kayar da gada, musamman inda ake ɗibar yashi. A wuraren fadama ana iya shimfiɗa doguwar hanya a kan turaku, amma da kankare ko ƙarfe, domin gara ba ta barin katako. A kafa turaku a bakin gadar don hana motoci shiga.

Ya kamata gwamnatin jiha da ƙananan hukumomin Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu su fara da ƙidaya mashigan da jama'a suka fi bi, tare da shawarar masu unguwanni da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, sannan su ware kuɗin gini da na kulawa a kasafi guda. Lokacin aza harsashi shi ne rani, kafin ruwa ya sauko.