Wa Ke Cin Ladan Adana Ilimi a Kwamfuta?

A 1949 ne wani limamin Katolika ɗan Italiya, Roberto Busa, ya shawo kan kamfanin IBM ya taimaka masa ya tsara rubuce-rubucen Thomas Aquinas da na'ura, kalmomi kimanin miliyan 11. Sunansa ya shiga tarihi. 'Yan matan garin Gallarate da suka shafe shekaru suna huda masa katuna kuwa, sai da masana irin su Julianne Nyhan suka bi sawunsu aka ji muryarsu.

Ina ganin jami'o'inmu ma sun bi wannan sahu. Malamin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana ɗaukar hotunan takardun Ajami yana tantance su, in lokacin ƙarin girma ya yi, galibi maƙalun mujallu ake ƙirga masa. To, wane matashi zai rungumi wannan fanni kafin gara ta gama da takardun?