Hali ake dubawa, ba asali ba

Wladyslaw Szpilman Bayahude ne, makaɗin piyano a gidan rediyon Warso, ƙasar Poloni. A 1942 ƴan Nazi suka kwashe iyayensa da ƴan'uwansa zuwa sansanin Treblinka, suka hallaka su. Shi ya tsira yana ɓuya cikin kangaye, har wani hafsan sojan Jamus, Wilm Hosenfeld, ya gano shi a 1944. Maimakon ya tona shi, sai ya ciyar da shi.

Da littafin Szpilman ya fito a 1946, masu tace rubutu suka mai da hafsan ɗan Ostiriya, kada a ce an samu Bajamushe mai tausayi.

Jama'a, mu kula. Mulkin da ke yi wa ƙabila kuɗin goro, sai ya yi wa tarihi ƙarya kafin ya zauna.